Kwana 50 ban ga al'ada ba, gwaji ya nuna layi ɗaya

Maman Nana, Garin Malam:
Assalamu alaikum. Wata 8 ke nan da na yi allurar tazarar haihuwa ta Sayana ta ƙarshe. Tun daga nan sau biyu kawai na ga jini, yau kuma kwana 50 shiru. Nonona na ciwo. Na yi gwajin ciki na tsinke da rana, layi ɗaya ya fito, wai alamar babu ciki. Maƙwabciyata ta ce in sha Primolut jini ya zo. Ciki ne ko mene ne?

Ungozoma ta Birni:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ajiye maganar Primolut tukuna, a fara tabbatar da batun ciki. Gwajin rana yakan yi ƙarya, musamman da zafin Damagaram da mutum ke wuni yana shan ruwa: fitsari ya tsinke, sinadarin ciki (hCG) da tsinken ke nema ya yi ƙaranci. Ki sayi sabo a farmasi, ki duba ranar lalacewarsa. Fitsarin farko na asuba za ki tara a mazubi mai tsabta, ki tsoma tsinken kada ya wuce layin MAX, ki kwantar da shi, ki karanta bayan minti 5. Layin da ya fito bayan minti 10 ba a aiki da shi. Layi na biyu ko dishi-dishi ne, ciki ne. Tunda al'adarki ba ta da tsayayyen lokaci, ki ƙirga daga saduwa: sai an cika kwana 21 ake yarda da layi ɗaya. In bai cika ba, ki sake bayan mako guda.

Lokotoro A.:
Gaskiyar Malama ce. Ni allurar na fi zargi. Sayana da ɗaya allurar, Depo, magani ɗaya ne a cikinsu, kuma bayan allurar ƙarshe mace takan kai wajen wata 10, wata ma shekara, kafin ƙwai ya koma fita daidai. Amma ƙwai na riga jini zuwa, shi ya sa ake ɗaukar ciki ba a ga al'ada ba.

In an kai wata 3 babu jini babu ciki, ki je CSI, wato asibitin unguwa, su tura ki awon jini da eko, wato hoton ciki. Ana duba prolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, wanda in ya hau yake hana ƙwai fita; maganin amai Primperan ma na ɗaga shi. Ana duba sinadarin TSH don ganin aikin tiroyid, wani ƙullu da ke gaban wuya. In akwai ƙuraje, gashi a haɓa da ƙiba, sai a nemi SOPK, ciwon rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita daidai. Primolut jini kawai yake zubarwa bayan an daina sha, ba ya taɓa musabbabin, kuma ba a shan sa da ciki.

Hajiya Sajfam:
Ƙari ɗaya, 'yata. Ciwon mara mai tsanani gefe guda, ɗigon jini baƙi-baƙi, jiri ko ciwon kafaɗa, wannan ba na jira ba ne, yana iya zama ciki a wajen mahaifa. Ko tsakar dare ne a kai ki asibiti. In kuma haihuwar kike so, fara shan bitamin ɗin asid folik, mikrogiram 400 kullum, tun yanzu.

Maman Nana:
Na gode, Allah ya saka. Gobe da asuba zan sake gwadawa.