Akwatin faifan jazz a Yantala: in ɗauka duka ko in haƙura?

Sani Talaje
Assalamu alaikum. Shawara nake nema kuma lokaci ya ƙure mini. Wani maƙwabcin kawuna a unguwar Yantala, nan Yamai, tsohon ma'aikaci da ya yi karatu a Faransa, ya rasu bara, Allah ya jiƙan shi. Iyalin za su tashi daga gidan, sai suka fito da akwatin ƙarfe shaƙe da faifan garmaho. Na ƙirga 130. Fiye da rabi jazz ne: Miles Davis huɗu, Coltrane biyu, Art Blakey, Ahmad Jamal, sai Sidney Bechet da yawa har na gaji da ganin fuskarsa. Saura na Kwango ne da Gine da waƙoƙin Faransa. Babban ɗan ya ce jika 200 na sefa, duka ko a bari, ba tsince-tsince, kuma zuwa Juma'a yake jiran amsata. Inji ina da shi, Technics ne, yana aiki lafiya lau, don haka ba maganar inji nake ba. Kuɗin na tara su ne don gyaran moto. Kuma ko faifai ɗaya ban saurara ba, an yanke wutar gidan. Wanda ya taɓa sayen irin wannan a dunƙule, yaya ta kaya?

Ibro mai gyaran rediyo
Kafin komai ka nemi inji mai kyau. Kuma ka kiyayi wanda aka kawo daga Amurka. Wutarsu 60 hertz ce, tamu 50, ga bambancin 110 da 220. Wani ya kawo mini tsohon inji daga can, muka sa masa tiransifoma, ya kama, amma faifan da ya kamata ya yi juyi 33 a minti sai yake yin kamar 28. Matar da ke waƙa ta koma kamar ƙato mai mura.

Sani Talaje
Malam Ibro, ai na ce ina da inji.

Ibro mai gyaran rediyo
To allura fa? Yaushe rabonka da canza ta?

Ɗan Ƙonni
Ni da na ga an ce akwatin jazz na mamaci, na zaci layu ne da guraye. Ku tsallaka Illela ku ce kuna sayen jazz ku gani, wurin boka za a nuna muku 😂

Zali Plateau
Ka yi lissafi mana. Jika 200 a kan 130, kowane ya faɗi kusan 1.500. Ni sabon bugu da ƙanwata ta sayo mini a Paris, Yuro 25 ta biya, sama da jika 16 ke nan faifai guda. Ka ɗauka ka rufe ido.

Harouna Bukoki
1.500? Ni a kasuwar Katako na taɓa kwasar guda ashirin a kan dala ɗari-ɗari, mai kayan har godiya yake mini don na rage masa shara. Ka taya jika 60. In sun ƙi ka juya, za su kira ka. Wa zai saya a garin nan in ba kai ba?

Zali Plateau
Wace shekara ce wannan, Harouna? Kuma nawa ne ke kiɗa a cikin ashirin ɗin?

Harouna Bukoki
Bakwai. Amma bakwai masu kyau.

Abdul 227
In akwai Kind of Blue a cikin na Miles ɗin nan ka gama da talauci, shi kaɗai ya biya akwatin har da moton.

Mushe Laouali
Abdul, kada ka sa yaro ya yi mafarki da rana. Faifan nan tun 1959 ake buga shi ana sakewa, babu na jazz da aka sayar kamarsa. Mai tsada shi ne bugun farko na kamfanin Columbia a Amurka, wanda takardar tsakiyarsa ke da ƴan idanu shida. Wanda ya yi karatu a Faransa, bugun Turai zai sayo, na CBS ko makamancinsa. Daɗin ji yana nan, amma kuɗinsa kuɗin faifai ne kawai. Bechet kuwa a Faransa ya ƙare rayuwarsa, kusan kowane gida akwai shi, shi ya sa ba ya tsada.

Sani, ka koma da rana tsaka. Ka fito da kowane daga kwalinsa, ka karkata shi ga haske. Karcen da ido ke gani amma farce bai ji ba, yawanci ba komai. Wanda farcenka ya tsaya a kansa, allura ma za ta tsaya. Ka ɗora shi a kan tebur mai santsi ka duba ko gefe ya ɗaga. Ka shinshina kwalin, in yana warin fumfuna ruwa ya taɓa shiga. Na Coltrane ka duba gefen kwali, in ruwan lemo ne da baƙi to na kamfanin Impulse ne. Na Blakey in na kamfanin Blue Note ne, ka duba santsin da ke kusa da tsakiya ko an buga RVG, sunan mai ɗaukar sautin ne, Rudy Van Gelder. Wuni guda zai ci maka, amma jika 200 ma ba a wuni guda ka tara su ba.

Alhaji Ɗan Ader
Yaro, ka ce akwatin ƙarfe? Ina anka aje shi shekarun nan? Wanga ita ce tambaya, ba idanu shida ba.

Tsohona mushe ne, wato malami, ya koyar a lekol a nan Tawa har ya gaji. Duk sanda ya tahi Yamai ko wani abokinshi ya dawo daga waje sai ya samo faifai. Da dare bayan isha'i ya shimfiɗa tabarma tsakar gida, ya sa mini kujera ƴar tsugunne kusa da inji, aikina in juya faifan in gefe ya ƙare. Shi ya koya mini kama shi da tafin hannu biyu ta gefe, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Har yau in na ji ƙahon Armstrong ƙamshin tabarshi nike ji.

Da ya rasu ina aiki a Arlit. Kahin in iso an yi rabon kaya, faifai ba wanda ya so, wana ya ce kiɗan kahirai ne, kada a bar su cikin ɗaki inda ake salla. Sunka zuba su kwance, wani bisa wani, cikin akwatin ƙarfe, sunka kai shago mai rufin kwano. Shekara shida. Kun san zahin Tawa a watan huɗu. Ran da na buɗe, gara ta cinye kwalayen ƙasa ta bar ƙasa a madadinsu, na sama kuwa sun tanƙware, in ka aje shi ƙasa sai shi yi ta rawa kamar murfin tukunya. Na tsince kamar arba'in da sunka tsira, na ɗaure cikin kwali zan kai Yamai. A tasha na ce wa yaron mota zan riƙe a ƙafa, ya ce ba wuri, ya jefa bisa, ya ja tamfol baƙi. Kilomita ɗari biyar da wani abu cikin rana. Abin da ya iso da rai goma sha ɗaya ne.

Ba ta ƙare nan ba. Bayan shekara biyu wani Bature ya zo da ɗan rakiya, wai suna neman tsohin kiɗan Afirka. Ina cikin matsi, ɗiyata na asibiti. Ya ture na Amurka gefe ko kallo bai yi ba, ya ɗauki biyar na Gine da Mali, ya ba ni jika biyar. Ɗan wana ya nuna mini guda a intanet daga baya, Yuro ɗari da wani abu. Ban yi barci ba daren nan, ba don kuɗɗin ba, rubutun tsohona na bisa kwalin, sunanshi da shekara, a hoton ma ana ganinshi.

Zali Plateau
Allah ya jiƙan Baba. Alhaji kun sa ni hawaye.

Harouna Bukoki
Amin. Amma wannan ya nuna na Gine da Kwangon nan su ne kuɗin, ba Miles ba. Sani, akwai Bembeya Jazz, ƙungiyar nan ta Gine, a ciki?

Abdul 227
To ai shi ma jazz ne, ga shi a sunan.

Mushe Laouali
Suna ne kawai. A zamanin duk ƙungiya mai ƙaho da gita sai ta laƙa wa kanta jazz, kamar OK Jazz ta Franco a Kinshasa. Su Franco rumba suke yi. Alhaji, maganar yayanku kuwa, ban zo gardamar malamai ba, amma Art Blakey musulunta ya yi, ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina. Ahmad Jamal musulmi ne. Yusef Lateef kuwa shekara huɗu ya yi a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981, yana nazarin sarewar Fulani.

Alhaji Ɗan Ader
Mushe, wana ya rasu shi ma, ba wanda zan kai wa hujja. Ni dai na ce kada yaron ya saya. Wanda bai da ɗaki mai sanyi, amana ce zai ɗauka ya kashe.

Nafi
Ni ban gane ba wallahi. Duk waɗannan suna YouTube kyauta, ba karce, ba gara. Ka gyara motonka yaya, ka sayi abin kunne mai kyau da canjin.

Ibro mai gyaran rediyo
Ƴata, wanda bai taɓa ɗora allura a kan faifai ba ya ɗan saurara manya su yi magana.

Nafi
Kawu, manyan ai su suka bar wa gara nasu.

Ɗan Ƙonni
An zo wurin 😂😂

Zali Plateau
Nafi ki janye wannan, Alhaji ba ya gari aka yi. Amma Ibro kai ma ka bari, shawararka kullum a sayi allura ce, kuma mun san wa ke sayar da allura. Ni shekara tara ina ajiye nawa a Yamai ba na'urar sanyi. A tsaye nake jera su, cikin ɗakin da rana ba ta bugu, nesa da bango da ƙasa. Lokacin hunturu ina rufa musu zane. Mai datti in wanke da ruwan batir, wanda ba a sa wa asid ba, da ɗigon sabulun wanke-wanke, in kiyaye takardar tsakiya, in jingine ya bushe a inuwa. Ko ɗaya bai tanƙware ba.

Alhaji Ɗan Ader
Hajiya, Plateau da itatuwa ba Talaje ba ce.

Moussa mai saks
Ku yi haƙuri, ni duk maganar nan haushi take ba ni. Jika 200 don a saurari matattu, mu kuma masu rai muna nan ba mai ba mu ko kuɗin taksi. Na koyi busa ƙahon saks a CFPM Taya, makarantar koyon kiɗa ta Yamai, yau shekara goma sha. Ɗan karan bakin saks babu mai sayar da shi a garin nan, sai na roƙi mai tafiya Abijan ko Faransa, guda ɗaya nake lallaɓawa wata uku har ya fara tsagewa. Watan jiya wani gidan cin abinci ya kira mu mu huɗu, aka ce jazz ake so, a hankali. Ba mu yi minti goma ba wani babban mutum ya aiko a ce mu yi wadda za a ambaci sunansa. Mai ganga na cikin nasa zagayen mai gidan ya zo ya rage mana sauti wai baƙi ba sa jin junansu. Da aka tashi, rabin kuɗin aka ba mu, wai ciniki bai yi ba. Har yau ina bin saura.

Harouna Bukoki
Ai biki ma yanzu yaro ɗaya ake kira da fiyano mai kiɗa da kanta, ya danna maɓalli ya kama waƙa. Wa zai biya mutum huɗu?

Mushe Laouali
Moussa gaskiyarka. A da a CCFN, cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, na ga masu busa sun zo daga waje, an haɗa su da namu, mai sarewa da mai kalangu suna amsa wa saks, mutane zaune shiru sai an kai ƙarshen zagaye a tafa. Wagadugu kuwa tun 1992 suke da bikin Jazz à Ouaga. Sau biyu na je ta hanyar Makalondi da Kantchari, lokacin da mutum ke shiga mota ya yi barcinsa. Ga mu da Yacouba Moumouni, wanda in ya kama sarewa ba ya bin hanya ɗaya sau biyu, amma ba mu da dare ɗaya a wata da za a ce nan ake zuwa a zauna a ji.

Abdul 227
Ko an yi, kuran za a ɗauke a tsakiya. Ni wasan ƙarshe da na je, da fitilar waya aka ƙarasa shi.

Moussa mai saks
Wannan daren ma ya fi mini, saks ba ta cin wuta. A nan ne kawai aka ji ni, don mai gita ya yi shiru dole.

Sani Talaje
Na gode duka. Na koma ɗazu kamar yadda Mushe ya ce, na duba 50 kafin magariba. Takwas sun tanƙware, biyu kwali ne ba faifai a ciki. Coltrane ɗaya gefensa ruwan lemo da baƙi ne. Na taya jika 120, ɗan ya ce wani ya riga ya ba da 150 ta waya, ban sani ba ko gaskiya ne. Wanda ya ɗan tanƙware kaɗan, ana iya miƙar da shi?

Ibro mai gyaran rediyo
Moussa, mai gitan nan ampilinsa na wurina wata biyu, ka ce masa ya zo ya biya ya ɗauka.

Moussa mai saks
Da me zai biya? Shi ma rabin aka ba shi.