Masallacin jami'a ko fadar 'yan garinku: wa ke riƙe baƙo a Yamai?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya a fada, wurin zamanmu na shan shayi, na ce ƙungiyar ɗalibai musulmi ta fi ƙungiyoyin 'yan yanki riƙe sabon ɗalibi, sai aka taso mini. Ga dalilina. Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na sauko Yamai daga Tawa da daddare, na ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, unguwar da jami'a take, ban san kowa ba, ɗaki kuma babu. Wani ɗan Tillaberi da na tarar yana alwala bakin masallacin jami'ar Abdou Moumouni shi ya ɗauki jakata. Hausarsa kaɗan ce, ni ko Zabarmanci sai "fofo". Wata biyu ina kwana kan tabarmarsa, tikitin resto, wato gidan abincin jami'a, ɗaya muke rabawa. Sai bayan sati ya tambaye ni ɗan ina ne.

'Yar Dogonduci: Wa alaikumus salam yaya. Allah ya saka masa. Amma riƙon baƙo daban, riƙon al'ada daban. Ranar da 'yan yankinmu suka yi taro, mu Arawa muka yi ta tsokanar taubasanmu Fulani, na ji kamar ina tsakar gidanmu. Wannan wasan taubasai na Nijar har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014. A wane zaman karatu ne za ka ji shi?

Ɗan Adar: Ƙanwata, zo buɗa-baki na azumi ki gani. Kopto na 'yan yamma, fura ta 'yan Maraɗi, dabino daga Agadas, duk kan leda guda. Tsokana kuwa har liman ba ya tsira.

Tsohon ɗalibi: Ku bari in sa baki, na girme ku. Zamaninmu USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar baki ɗaya, ita ce uwa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a zanga-zanga kan wannan gadar da kake ƙetarewa, kuma ba a tambayi addinin kowa ba kafin a fita. Abin da ke damuna ke nan: idan masallaci ya zama gidan ɗalibi, ina ɗan'uwanmu kirista na Galmi ko Makalondi zai shiga? Shi ma ɗan ƙasa ne, shi ma baƙo ne.

Malamar lakwal: Gaskiya ne Baba, wannan tambaya tana da nauyi. Sai dai ni abin da na gani shi ne ɓangaren mata. Mahaifina bai yarda in zo Yamai ba sai da ya ji akwai yayye mata na ƙungiyar ɗalibai musulmi da ke kula da sababbi. Su suka raka ni yin rajista, su suka zauna da ni asibiti da zazzaɓi ya kwantar da ni, suka haɗa dala-dala aka sayi magani. Da babu su, da aure aka yi mini wannan shekarar, karatu ya tsaya.

'Yar Dogonduci: Ban musa ba anti. Amma ni an taɓa ce mini kallon kokowa ɓata lokaci ne. Yaya, kai da ke Ba'adare, gasar takobi, wato kokowar ƙasa, a garinku aka fara ta a 1975. Ka yarda a raba ka da ita?

Ɗan Adar: Ban yarda ba, kuma ba wanda ya raba ni. Wanda ya gaya miki haka ra'ayinsa ya faɗa. Mu a ɗakinmu rediyo muke kewayewa lokacin gasa, in an kira salla mu tashi, mu dawo mu ci gaba da gardama.

Baba, maganarka ce ta hana ni barci. Akwai wani ɗan ajinmu kirista da ke zama shi kaɗai lokacin shan ruwa, ban taɓa kiransa ba. Azumi mai zuwa in Allah ya kai mu zan kira shi.

Tsohon ɗalibi: Kada ka jira azumi, ɗana. Gobe ma akwai shayi.

'Yar Dogonduci: In za ku yi, ku yi a fadarmu bayan la'asar, akwai inuwa. Ni zan kawo sukari da gawayi.