Neman shawara kan waldar bodin tsohuwar Toyota Hiace

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Toyota Hiace wadda tsatsa ta cinye bodinta a saman tayar baya. Na yanke inda ya ruɓe, na kawo sabon fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1, amma da zarar na fara waldar kabaid sai zafi ya lanƙwasa shi, wani lokaci ma ya huje. Na gwada ɗiga waldar kaɗan-kaɗan ina barin ƙarfen ya huce, duk da haka tsakiyarsa tana kumbura.

Shin in ɗora sabon a kan tsohon ne, ko in haɗa su baki da baki? Tsorona shi ne kada ruwan damina ya maƙale tsakaninsu, tsatsar ta dawo bayan fenti. Don Allah masu sana'ar ku ba ni shawara.