Wayar da Makaranta Ta Ƙwace Ta Ɓace: Wa Zai Biya?

Malamin Aji: Assalamu alaikum. Ni dai matsayina bai canja ba. In dokar makaranta ta hana zuwa da waya, yaro ya zo da ita aka ƙwace, daga baya aka neme ta aka rasa, babu abin da iyaye ke bin makaranta. Sun sa hannu a takardar dokoki tun ranar da suka kawo shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Maman Ɗalibi: Wa alaikumus salam, Malam. Mun sa hannu a kan za a karɓe, ba a kan za a ɓatar ba. Hukuncin yaro shi ne a raba shi da ita har zuwa tashi, ko har iyayensa su zo. Ina aka rubuta cewa wayar ta zama taku? Sau da yawa ma ba ta yaron ba ce, ta uwarsa ce ya ɗauko. Shi ya yi laifi, wata ta yi asara.

Malamin Aji: Hajiya, koyarwa aka ɗauke ni, ba gadin kaya ba. Ina tsaye gaban allo, aji cike, waya ta yi ƙara. In bar darasi in tafi neman akwati mai kwaɗo?

Uban Yara: To me ya sa ka karɓa, ranka ya daɗe? Ka tura shi ofis da abarsa mana.

Malamin Fiƙihu: Ku ɗan dakata, ana haɗa abubuwa biyu ne. Malaman fiƙihu sun raba hannun da ke riƙe da dukiyar wani gida biyu: hannun amana da hannun lamuni. Wanda aka ba ajiya, hannunsa na amana ne. In ya adana ta inda ake adana irinta, gobara ta tashi ko ɓarawo ya fasa, ba ya biya. Yana biya ne in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka, kamar ya bar ta a sarari, ko ya yi amfani da ita, ko ya miƙa wa wani ba da izini ba. Wanda kuwa ya karɓe dukiya ba bisa haƙƙi ba, wannan yana lamunce da ita ko da tsawa ce ta faɗo ta ƙone ta. Saboda haka tambayar farko ita ce: da izinin doka aka karɓa? Ta biyu: ina aka ajiye?

Maman Ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, aljihun tebur da ba ya kulluwa, a ɗakin malamai da kowa ke shiga, wurin ajiya ne?

Malamin Fiƙihu: Ga alli da rajista, e. Ga waya, a'a. Darajar abu ita ke nuna irin ma'ajiyar da ta dace da shi.

Ɗalibin Lauya: Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Malamin Aji yana da abin kamawa, ba a banza yake magana ba. A Ingila akwai dokar ilimi ta 2006, sashe na 94, wadda ta kare ma'aikacin makaranta daga ƙara a kan ɓacewa ko lalacewar abin da ya ƙwace. An yi ta ne don kada tsoron kotu ya hana malamai tsawatarwa.

Malamin Aji: Yauwa! Kun ji ko?

Ɗalibin Lauya: Ban gama ba, Malam. Kariyar tana da sharaɗi: shi malamin ne zai tabbatar da cewa karɓar da riƙewar sun dace da doka, kuma a wajensu hukunci ba ya dacewa da doka sai ya yi daidai da girman laifin. Sannan ka lura, sai da majalisa ta zauna ta rubuta wannan kariya musamman. Inda babu irinta, asalin ƙa'ida ake komawa: duk wanda kayan wani ya shiga hannunsa da saninsa, kulawa ta hau kansa, in ya ɓace shi zai yi bayanin yadda aka yi. Faransa ma da ta hana amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare a 2018, ta ce dole dokokin kowace makaranta su fayyace yadda za a karɓa da yadda za a mayar. Ba su bar mayarwar a hannun sa'a ba.

Uban Yara: Takardar nan da ake cewa "makaranta ba ta ɗauki alhakin duk abin da ya ɓace ba" fa?

Ɗalibin Lauya: Baba, tana da ƙarfi a kan abin da ya ɓace a jakar yaro ko a filin wasa. Abin da ma'aikaci ya miƙa hannu ya karɓa kuwa, da wuya jimla ɗaya ta wanke sakacinsa. Ya danganta da dokar ƙasa, amma ni ba zan so in tsaya gaban alƙali da ita kaɗai ba.

Tsohuwar Shugabar Makaranta: Na yi shiru ne ina jin ku. Malam, na fahimci abin da ke cin ranka: kana tsoron a zaftare maka albashi. A nan ina bayanka. Malamin da ya aiwatar da dokar makaranta aikin makaranta ya yi, ba nasa ba, don haka in biya ya kama, makaranta ce za ta biya. Amma cewa babu biya sam, ban yarda ba. Makarantar da ta kafa dokar ƙwace ba ta tanadi wurin ajiya ba, rabin doka ta kafa. Abin ba wuya: ambulan, sunan yaro, irin wayar, ko fuskarta a fashe take, sa hannun malami da na yaro, a kashe ta a gabansa, a kai ofis kafin tashi. Mafi yawan rigimar da na gani ba a kan sata ba ce, a kan "ai na ba wane ya kai" ce, wane kuma ya ce bai gani ba.

Malamin Aji: Hajiya, kin san yaran nan. Gobe wani zai ce sabuwa fil aka karɓe masa, alhali tsohuwa ce da aka ɗaure da roba. Wani ma abokinsa zai tura ya sace ta, a biya shi ya ci riba biyu.

Tsohuwar Shugabar Makaranta: Ai rubutun da na ce kai yake karewa kafin ya kare yaro. Kuma ba kuɗin sabuwa ake biya ba, ƙimarta ranar da ta ɓace.

Maman Ɗalibi: Hotuna da lambobi da saƙonnin da ke ciki fa? In ta faɗa hannun wani ya buɗe, wa ke biyan wannan?

Malamin Fiƙihu: Wannan kam ya fi ƙarfin kuɗi, Hajiya.

Malamin Aji: Naji, in a hannun ofis ta ɓace, makaranta ta biya. Amma in tsakanin aji da ofis ce, ina cikin darasi wani yaro ya zare ta daga tebur, har yanzu ban ga laifina ba. Ku nemo ɓarawon, iyayensa su biya.

Uban Yara: In ba a same shi ba fa?

Malamin Aji: An buga ƙararrawa, ina da aji. Lauya, ka nemo mana amsar wannan kafin in fito.