Lauyan da ke zuwa kotu kullum zai iya ɗaukar digirin digirgir a fannin shari'a?

Lauyan Filaye ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwana. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana yi mini kai-komo a zuciya. Shekarata tara ke nan da fitowa daga makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, kuma tun daga lokacin nake aikin lauya mai zaman kansa, akasarin shari'un da ke hannuna kuwa na filaye ne da na rabon gado. Na kammala digiri na biyu shekara huɗu da suka wuce, yanzu kuma ina son in koma in yi digirin digirgir, ba don ina neman aikin koyarwa ba, sai don wata matsala da nake cin karo da ita kusan kowane mako a kotu, wato rikicin da ke tsakanin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da hukunce-hukuncen fiƙihun Malikiyya da jama'armu ke rabon gidaje da gonaki a kansu.

Na rubuta shawarar bincike mai shafi goma sha biyu, na sa mata take cewa zan kwatanta dokar Musulunci da dokar da muka gada daga Ingila a kan mallakar ƙasa a Najeriya. Na kai wa wani malami da nake girmamawa, bayan mako biyu ya dawo mini da ita babu gyara ko ɗaya a ciki, sai kalmomi biyu da jan biro a saman shafin farko: "Ina tambayar?" Gaskiya ban fahimci nufinsa ba, kuma nauyinsa ya hana ni komawa. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su warware mini abin da yake nufi, su kuma gaya mini ko mutum zai iya haɗa wannan karatu da zuwa kotu, ko kuwa gara in nemi tallafi in tafi waje in gama cikin shekara uku.

Mai Duba Kundi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Barista. Malamin nan ya yi maka alheri babba, domin da ya so rabuwa da kai cikin sauƙi, da sai ya gyara maka waƙafi da aya ya ce ka je ka nemi gurbi. Abin da ka rubuta fage ne, ba tambaya ba ce. Kwatanta dokar Musulunci da ta Ingila a kan ƙasa aiki ne da mutum zai cika shafi ɗari huɗu da shi ba tare da ya faɗi abu ɗaya da ba a sani ba, kuma ɗakunan karatu na tsangayoyin shari'a a Zariya da Kano da Maiduguri cike suke da kundaye masu irin wannan take, babi na biyu tarihin zuwan Musulunci, babi na uku tarihin zuwan Turawa, babi na ƙarshe kuma kira ga gwamnati ta gyara doka. A digiri na biyu ana yafe wannan, tunda abin da ake so a gani shi ne ɗalibi ya san inda littattafai suke. A digiri na uku kuwa, mai jarrabawar da za a gayyato daga wata jami'a abu ɗaya zai nema, wato me ka ƙara a kan abin da ka tarar.

Bari in nuna maka da aikinka na kullum. Dokar 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma wanda ke da takardar gwamna, wato takardar shaidar haƙƙin zama a kan fili, ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da izininsa. Fiƙihu kuma ya san haƙƙin shuf'a, inda wanda ya yi tarayya da wani a gida ko gona da ba a raba ba yake da fifikon sayen kason abokin tarayyarsa idan an sayar wa bare. To, idan magada biyar suka gaji gida mai takardar gwamna, ɗaya ya sayar da kasonsa ga baƙo, gwamna ya ba da izini, sannan ɗan uwansa ya tashi da da'awar shuf'a, wane haƙƙi ne ke gaba, kuma wace kotu ce ke da hurumin faɗa? Wannan ita ce tambaya. Tana da iyaka, tana da amsa da za a iya kuskurewa, kuma za ta tilasta maka karanta sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran da suka shafi aure da gado da wasiyya da waƙafi da kyauta da makamantansu. Za ta kai ka ga hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998, wadda a kan shuf'a aka yi ta, inda aka bayyana cewa dokar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce tunda ba ta wata ƙabila ba ce. Za ta kuma mayar da kai ga littattafan fiƙihun Malikiyya, wato Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, kuma a nan zan gaya maka abin da ɗalibai ba sa son ji: idan Larabcinka bai kai ka karanta babin shuf'a da sharhinsa da kanka ba, ka fara da gyara wannan kafin ka sayi fom, domin kundin da aka gina a kan fassarar fassara ba ya jure tambaya uku a ranar kare shi.

Game da haɗawa da aiki, ana yi, amma ba yadda ake zato ba. Mafi ƙarancin lokaci ga mai karatu na cikakken lokaci shekara uku ne, mai haɗawa da aiki kuwa ya sa biyar ko fiye a ransa, ya kuma tuna cewa yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Waɗanda na ga sun gama su ne waɗanda suka ware ranaku biyu a mako da ba sa karɓar ranar zaman kotu ko da wane ne ya kawo aikin. Waɗanda suka ce za su riƙa rubutu da dare bayan sun dawo daga kotu, har yanzu suna babi na biyu.

Hajiya Mai Bincike ta amsa:

Allah ya gafarta Malam, na yarda da abin da ka faɗa a kan tambaya, amma ina ganin ka tura Barista ɗakin karatu alhali dukiyarsa tana wani wuri. Mu masu nazarin shari'a mun saba da hanya ɗaya, wato a karanta doka, a karanta hukuncin manyan kotuna a rahotannin mako-mako irin waɗanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985 ko a LawPavilion, manhajar da ke tara hukuncin kotuna, sannan a yi sharhi. Wannan hanya tana da daraja, sai dai tana nuna mana ƙaramin kaso ne kawai na abin da ke faruwa, domin mafi yawan rigingimun gado a Arewa a kotun alƙali suke farawa, a can kuma suke ƙarewa, kuma ba a buga hukuncinsu a ko'ina.

Ni nawa binciken a kan rabon gado ga mata na yi shi, kuma sai da na shafe wata bakwai ina zirga-zirga tsakanin ƙananan kotuna shida. A ɗaya daga cikinsu, bayan na kai takardar izini daga hedikwata, magatakarda ya buɗe mini wani ɗaki da ba shi da taga, littattafan shari'a a jibge a ƙasa an ɗaure su da igiya, na ƙasan gara ta ci rabinsu. Wasu an rubuta su da boko, wasu tsofaffin da ajami, hannun kowane magatakarda daban. Na zauna a kan benci da fitilar waya ina kwafa da hannu, domin an hana ni ɗaukar hoto, kuma dole na sakaya sunan kowane mai ƙara. A cikin waɗannan littattafai na ga abin da babu shi a rahoton wata babbar kotu: yadda ake ƙiyasta kuɗin gida a biya mace kasonta da kuɗi don kada a raba ginin, da yadda sau da yawa 'yan uwanta maza ne ke kawo wanda zai yi ƙiyasin. Doka ta ba ta haƙƙinta cif, alƙali bai saɓa wa nassi ba, amma abin da ya shiga hannunta ya dogara ne ga mai ƙiyasi. Wannan shi ne abin da na ƙara wa ilimi, kuma da na tsaya a ɗakin karatu da ban gan shi ba.

Saboda haka, Barista, shekara tara da ka yi kana shiga waɗannan kotuna jari ce da ɗalibin da ya fito daga digiri na biyu kai tsaye ba shi da ita. Ka san magatakarda, ka san yadda ake rubuta ƙara, ka san abin da alƙali ke nufi idan ya ce a je a sasanta. Idan kuma kana son ka ga tushen abin, Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke garin, suna da takardun zamanin En'e, daga nan za ka bi sawu zuwa Dokar Mallakar Ƙasa ta Arewa ta 1962, wadda dokar 1978 ta ɗebo ruhinta daga gare ta. Gargaɗi ɗaya kawai zan yi maka: kada ka sa shari'un da kai ne lauya a cikinsu cikin bayananka, domin amanar wanda ka tsaya wa tana kanka, kuma mai jarrabawa zai ce ka zama alƙali a shari'arka.

Wanda Ya Yi A Waje ya amsa:

Ni zan taɓa maganar fita waje ne kawai. Da farko a bambance sunaye, domin suna ruɗa mutane. A Amurka, digirin da ake kira JD shi ne na zama lauya, ba na bincike ba ne, na binciken shi ne SJD, kuma yawanci sai ka yi digiri na biyu a can kafin su karɓe ka. A Ingila kuwa kundi ne zalla na kimanin kalma dubu tamanin zuwa dubu ɗari, cikin shekara uku zuwa huɗu, sai jarrabawar baki a ƙarshe. 'Yan Arewa da yawa sun fi karkata ga Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Malesiya, saboda ana koyar da fiƙihu da dokar Ingila a tsangaya ɗaya, sai dai ka sani mazhabar ƙasar Shafi'iyya ce.

Tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, lauya mai zaman kansa ba ya cikinsa, don haka sai dai ka nemi irin na Commonwealth, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ko ka biya da kanka, kuma da farashin canji na yanzu wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai iyali. Abin da na samu a waje shi ne ɗakin karatu da ba a rufewa da mai duba aiki da ke dawo da babi cikin mako uku. Amma idan bincikenka irin wanda Hajiya ta kwatanta ne, za ka biya kuɗin makaranta da fam ko dala, sannan ka dawo ka zauna a kan bencin nan nata na tsawon shekara guda.

Mai Duba Kundi ya sake amsawa:

Hajiya, ban musa ba, amma a yi hattara. Na ga ɗaliban shari'a da suka fita da takardun tambayoyi guda ɗari uku ba tare da sun san yadda ake zaɓen waɗanda za a tambaya ba, suka dawo da jadawali masu kyau da ba su tabbatar da komai ba. Wanda zai bi hanyarki sai ya zauna da malaman nazarin zamantakewa ya koyi sana'arsu, kuma sai ya sami mai duba aiki da ya yarda da wannan hanya tun daga farko, domin akwai manyanmu da har gobe suke ganin duk abin da ba sharhin doka ba ne ba binciken shari'a ba ne. Barista, kafin ka zaɓi jami'a ka zaɓi mutum: ka karanta abin da ya rubuta, ka tambayi ɗalibansa na baya shekara nawa suka yi a hannunsa, ka kuma bincika ko ya kusa ritaya.

Lauyan Filaye ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na buɗe tsofaffin fayilolina, ba don in yi amfani da su ba kamar yadda Hajiya ta gargaɗe ni, sai don in ga ko matsalar tana nan da gaske, na kuwa sami shari'u huɗu da da'awar shuf'a ta taso a kan gida mai takardar gwamna, kuma a biyu daga cikinsu an ɓata fiye da shekara ana jayayya a kan hurumi kafin a taɓa asalin maganar. Na rage shafi goma sha biyun nan zuwa shafi ɗaya da rabi, tambayar tana layin farko. Ranar Litinin zan koma wurin malamin. Hajiya, idan ba damuwa, ina son ki bayyana mini ofishin da kika fara kai takardar neman izinin duba littattafan kotu, wurin Alƙalin Alƙalai ne ko wurin babban magatakarda, da kuma tsawon lokacin da amsar ta ɗauka.