Abin da aka tattauna kan tamowa a tsakanin yaran karkara

Mahalarta tattaunawar sun yi ittifaƙi cewa talauci shi ne tushen tamowa, amma ba shi kaɗai ba ne, domin yaro kan rame ko a gidan da ake da hatsi. An fi jaddada kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shayar da nono zalla, ba ko ruwa, har wata 6, sannan a haɗa da abinci mai gina jiki kamar ƙwai, wake da ganyaye, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Abinci mai ruwa-ruwa yakan cika cikin yaro ba tare da ya ƙosar da shi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun gudawa, wadda gurɓataccen ruwa da rashin makewayi ke jawowa: tana ramar da yaro, ramar kuma tana raunana garkuwar jikinsa, sai ciwon ya sake dawowa. An kuma ambaci haihuwa kusa-kusa, ƙyanda da nisan asibiti. Idan kaurin damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 ya gaza santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a garzaya da shi asibiti.