Manhaja ɗaya ko kowane sashe da tasa?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana: lissafi, albashi, sito, saye da sayarwa, a zuba su duka cikin ERP guda, wato babbar manhaja ɗaya mai haɗa ayyukan kamfani, a huta. Manhajoji 10 gare mu yanzu. In kowacce za ta yi magana da kowacce kai tsaye, haɗi 45 ke nan. In sun kai 20, ya zama 190. Wa zai yi kiwonsu?

Hajiya (sashen ma'aikata): Wa alaikumus salam. Wannan "a huta" ɗin ne ban yarda da shi ba. Lidl, kamfanin manyan kantuna na Jamus, ya shekara bakwai yana aikin kafa ERP ta kamfanin SAP, ya kashe kusan Yuro miliyan 500, a 2018 ya watsar ya koma tsohon tsarinsa.

Injiniya: To Hajiya, ki ƙarasa labarin mana. Su da farashin saye suke ƙiyasta kayan sito, manhajar kuwa kan farashin sayarwa aka gina ta. Suka ƙi sauya al'ada, suka yi ta lanƙwasa manhajar har aikin ya gagara. Laifin wa?

Hajiya: Ai ka faɗi abin da nake tsoro da bakinka. Ko mu bi ta, ko mu biya.

Akanta: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni yawan manhajoji bai dame ni ba. Ƙarshen wata ne ke hana ni barci. Abokin ciniki ɗaya, lamba uku: ta masu talla daban, ta sito daban, tamu daban. Watan jiya kwana biyu muka yi muna neman bashin da ashe an riga an biya, ƙarƙashin wani sunan.

Ƙaramin ma'aikaci: Yallaɓai Injiniya, da girmamawa, 45 ɗin nan sai in an ja waya daga kowacce zuwa kowacce. In aka kafa mahaɗa ɗaya a tsakiya, kowacce ta shiga ta API, wato ƙofar da manhajoji ke magana da juna ta cikinta, haɗi 10 ne kacal. Sannan wanda ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya, mai kwandon ke yanke masa lokaci. SAP ya ce kulawar yau da kullum ga ECC, tsohuwar manhajarsa ta ERP, za ta ƙare a ƙarshen 2027, kuma masu amfani da ita ba su suka zaɓi ranar ba.

Injiniya: Mahaɗar taka in ta faɗi fa? Duka goman sun kurmance.

Ƙaramin ma'aikaci: ERP ɗin ma in ta faɗi haka ne, Yallaɓai.

Hajiya: Na yarda kuɗi da sito su zauna wuri guda, waɗannan ba sa canzawa kullum. Amma manhajar ɗaukar ma'aikata a bar mana tamu.

Akanta: Har yanzu ba wanda ya amsa mini. Wace manhaja ce ke da ikon ba abokin ciniki lamba, sauran su kwafa daga gare ta?

Injiniya: ERP mana.

Hajiya: Masu talla ba za su yarda ba, su ke fara ganinsa. A saka shugabarsu cikin zauren nan tukuna.